Abin da Na Haɗiye Daga Maganar Likita

A shekarun da wayar salula ta fara shigowa Gummi, ni ne babban ɗa a gidanmu na malamai, amma ba ni ke zama kusa da Baba ba. Ƙanena ke ja masa baƙi a tafsirin azumi, ni kuwa aikina shimfiɗa tabarmi. Allah Ya ba shi murya, in ya ɗauko aya har masu tallar ƙosai sai sun yi tsit. Ba zan ɓoye ba, duk yabon da aka yi masa zafinsa nake ji har cikin raina.

Yana da shekara arba'in da 'yan kai ya fara wani ciwon kai da bai taɓa yin irinsa ba. Ya sha rubutu, Inna ta yi ta turare, shiru. Daga Gusau aka tura shi Abuja hoton ƙwaƙwalwa, aka ce in raka shi tunda ni na yi boko. Da Turanci likitan ya yi mini bayani, yana nuna wasu fararen ɗigo-ɗigo a hoton. Ya ce ciwon ɓarin kai kan bar irinsu, haka ciwon suga da wasu cututtukan jijiya, wani sa'in ma tsufa ne kawai. Amma shi hawan jini ya fi zargi, don na ƙanena ya hau ƙwarai. Ya ja mini kunne cewa ya riƙa shan magani kullum, ko da ciwon ya lafa.

Da muka dawo, Baba ya riƙe hannunsa yana hawaye, ya ce in ya rasa wannan ya rasa magaji. A gabana ya faɗa, ban ko sauke jaka ba. Da ya tambaye ni me aka gano, sai na jero masa duk cututtukan nan, na ce kun ga likitan ma lalube yake yi. Zancen hawan jini da shan magani kullum kuwa na haɗiye shi. Wallahi ban so masa mutuwa ba, so nake a daina lallaɓa shi kamar ƙwai. Ciwon kan ya yi sauƙi, magani ya ƙare, ba wanda ya sayo wani.

Kafin azumi ya zagayo, ƙanen nawa ya faɗi wurin alwala. Ɓarin jikinsa ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Ni Baba ya sa na ja baƙi a shekarar, kuma ban ji daɗin ko aya ɗaya ba.

'Yan'uwa, sabon ciwon kai ba abin wasa ba ne, kuma in an aike ku jin maganar likita ku kawo ta dukanta. Hassada ba sai ta sa ka yi ƙarya ba, ni shiru kawai ta sa na yi. Har yau in baƙi suka zo gaishe shi, da ƙyar yake haɗa kalmomi ya nuna ni, ya ce ba wanda ya sha wahalarsa kamar yayansa.