Takardar da Baduku Ya Ɗinke

Ni ɗan fari ne, kuma duk abin da ya faru daga nan ya taso. A gidanmu na Tawa mahaifina bai taɓa kiran sunana ba. In zai yi magana a kaina sai ya ce "wancan". In yana son in yi wani abu sai ya gaya wa gwaggona, yayarsa wadda ta raine ni, ita kuma ta ƙetara tsakar gida ta gaya mini, alhali ina zaune ina jin su duka biyun. Haka kunyar ɗan fari take a wurinmu, har yabon gidanmu ake yi da ita. Ni ma ban ga laifinta ba sai shekarar da ya sayi mota.

Mahaifina mai raƙuma ne. Yana kai hatsi arewa wajen Buzaye, ya komo da gishiri da cuku da fatu. Bayan samun ƴanci da ƴan shekaru manyan motoci suka fara shiga hanyar, abin da raƙumi ke yi a kwana goma mota ta yi shi a biyu, masu kaya suka fara gaishe shi sama-sama suna wucewa tasha. Mutum ne mai zuciya, ba ya son a bar shi a baya. A cikin kasuwa uku ya sayar da raƙumansa talatin da ɗaya, bai rage ko na hawa ba. Ya ɗauki wani tsohon soja, maƙwabcinmu, wanda ya tuƙa motocin Faransawa a wajen yaƙi, suka tafi Yamai wani kamfanin Nasara mai sayar da motoci. Bayan mako biyu suka shigo Tawa da sabuwar babbar mota shuɗiya, tsohon sojan na tuƙi, mahaifina na gefensa ya sha rawani. Duk abin da gidanmu ya mallaka yana tsaye a kan ƙafafun nan shida.

Tare da motar ya zo da takarda mai tambari. Tafintan kamfanin ya gaya masa sunanta garanti: wata shida, duk abin da ya sami inji su za su gyara ko su ba da sabo, kyauta, shi dai ya adana ta da kyau. A lokacin ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shekara biyu ina koya wa yara Faransanci, unguwa duka "Mushe" take ce mini, wato malam da bakin Faransawa. Wasiƙun maƙwabta ni nake karantawa. Gwaggona ta ga takardar a hannunsa ta ce:

"Ba ka ba wancan shi duba ma?"

"An riga an hwaɗa min abin da tac ce," in ji shi, ko inda nake bai kalla ba.

Ya adana ta kuwa, irin adanar da ya sani. A wurinsa rubutu mai daraja cikin fata yake zama. Ya kai ta wajen baduku a kasuwa, aka ninke ta takwas, aka ɗinke ta cikin jar fata kamar laya, har da ƴan tuntaye, aka rataye ta a gaban mota jikin madubi. Na ga abin na yi dariya a cikina, dariyar ɗan boko mai ganin kansa ya waye. Ban miƙa hannu na ce a ba ni in karanta ba. Yau in na tuna wannan dariya sai in ji kamar in mari kaina.

Motar ta yi wata biyu tana aiki, amma ba ta son rairayi. A kan fako da duwatsun Adar tafiya take lafiya lau, da an wuce Barmu an shiga yashi sai ta nutse har ciki. A sauke buhuna, a tona, a shimfiɗa kirare, a tura. Wata rana masu raƙuma suka wuce su suna cikin wannan hali, ɗaya ya leƙo daga bisa ya tambayi mahaifina ko a ara masa akala. Wannan ba'a ta ci masa rai fiye da gumin tonon.

Ran wata Juma'a da hantsi ina zaure ina duba littattafan yara, su kuma suna ƙofar gida an buɗe kan mota. Tsohon sojan ya nuna masa famfon da ke ba inji gazuwal, man da manyan motoci ke sha. A jikinsa akwai wata ƴar waya da aka murɗe aka like da darma, ɗan ƙanƙani, bai kai ƙwayar gujiya ba.

"Maigida, motag ga ƙarhi gare ta, Nasara na sunka ɗaure ta. Ka ga darmag ga? Dabaibayi na. In na kwance shi na buɗe mata mai, rairan Barmu ba shi ƙara tsai da mu."

Mutumin ya san da wa yake magana. Mai raƙuma ka ce masa dabaibayi, ai ka gama da shi.

"In dabaibayi na, kwance," in ji mahaifina.

Ni ban san mota ba, amma na san Nasara ba ya like abu da darma don ado. A lakwal ambulan ɗin jarrabawa da hatimi yake zuwa, kuma na san abin da ke samun wanda ya fasa shi kafin lokaci. Alƙalami na hannuna, taku goma ne tsakanina da su. Amma ɗan fari ba ya tsoma baki cikin maganar ubansa a gaban baƙo. Na tashi na shiga gida na gaya wa gwaggona.

"Kai mota ka karanta ko boko?" ta ce. "Wanga mutum hal yaƙi yat tai da mota. Zamna."

Na zauna. Kafin a tafi masallaci an yanke wayar, an murɗa abin da za a murɗa. Tun da an sami ƙarfi, sai aka kira maƙeri ya ƙara ƙarafa a ƙarƙashin bodi don ta ɗauki buhu fiye da da.

Gaskiya ta yi ƙarfi. Tana ruri, tana zubar da baƙin hayaƙi, tana haye tudun rairayi ba tsayawa. Tsohon sojan ya zama gwani a tasha, direbobi na kawo masa shayi suna neman asiri. Mahaifina ya sayo wa gwaggona zane. Ni har na fara jin kunyar tsoron da na yi.

Wata biyu ta yi a haka. Cikin bazara, rana tsaka, suna komowa daga arewa da kaya har bisa, injin ya yi ƙara guda ya tsaya tsakanin Barmu da Tawa. Wani ƙarfe daga ciki ya fasa gefensa ya leƙo waje, baƙin mai ya malale a ƙasa. Gyaran gangar Abzinawa ke nan. Da wata mota aka jawo ta gida, yara na bin ta a baya.

Mahaifina bai girgiza ba. Ya ƙirga watanni da yatsunsa, huɗu, saura biyu, ya ce akwai takarda, ya sauke layar daga madubi ya rataya a wuyansa. Aka ciro injin aka ɗora wa wata mota mai zuwa Yamai. Tsohon sojan ya ce ciwon ƙugu ya tashi masa, ba ya iya doguwar tafiya, kuma tun ranar na san shi ya san abin da ya yi. Gwaggona ta zo ɗakina ta ce in raka mahaifina, don ba ya jin Faransanci ba ya jin Zabarmanci. Ban san ko shi ya aiko ta ba ko ita ta yanke.

Na je neman izini wajen daraktanmu, wani Kirista mutumin kudu, dattijo mai tabarau. Na ba shi labari. Abu ɗaya ya tambaye ni: na karanta garantin? Na ce a'a. Ya cire tabarau ya dube ni, ya sa hannu a takardar izinin.

Kwana biyu muka yi a hanya a bayan mota, ni da mahaifina da injin a tsakaninmu. In aka tsaya ya sayi nama, sai ya ajiye rabona a kan buhu ya juya baya.

A kamfanin wani komi, wato akawu, ya karɓe mu, baƙin mutum kamarmu, Bahaushe ma, mai farar riga da igiya a wuya. Ya sa aka sauke injin. Makanikinsu bai ko duba inda ya fashe ba, kai tsaye ya nufi famfon, ya ɗaga guntun wayar da yatsa ya nuna wa komin. Sannan aka ce a kawo takarda. Mahaifina ya ciro layar daga wuyansa ya ajiye a kan tebur da hannu biyu.

Komin ya juya ta, ya kira abokan aikinsa su zo su gani. Suka yi dariya, ba su ko ɓoye ba. Aka nemo reza aka farke ɗinkin. Takardar ta fito tsaf, ko ɗigon gumi babu, baduku ya iya aikinsa. Komin ya juya bayanta ya miƙo mini.

"Kai ne mushen? To karanta wa tsohonka nan."

Layi biyu ne. In an cire darmar famfo, ko an ƙara wa mota wani abu ba da izinin kamfani ba, garanti ya faɗi. Babu kalma ɗaya mai wuya. Ɗan aji huɗu a lakwal ɗinmu zai karanta shi ba gargada. Na karanta da Faransanci, na juya da Hausa, ina kallon tebur.

Mahaifina ya ce a kira masa mai kamfanin. Sai bayan la'asar Nasaran ya fito, da sigari a hannu, bai zauna ba. Mahaifina ya miƙe ya yi magana a tsanake, ni ina fassarawa.

"Hwaɗa mishi, shekara talatin ina sai da raƙuma. In raƙumi na cizo, nikan hwaɗi. In ba shi son a taɓa mishi kunne, nikan hwaɗi, tun ba a kama igiya ba. Shi ya san ban karatu nai. Ya sa anka hwaɗa min mai daɗin, don mi ba a hwaɗa min wanga ba?"

Na juya maganar yadda na iya, amma a Faransanci sai ta fito ƙarama, kamar koken yaro. Nasaran ya ɗaga kafaɗa. Ya ce komai a rubuce yake, shi mota ya sayar, ba lakwal ya buɗe ba. Injinsa lafiya ya bar nan, mu muka kashe shi. In muna son sabo akwai, a saya. Ya dube ni ya ƙara da cewa yanzu ai ƙasar tamu ce, ga ƴaƴanta sun yi karatu, me ya hana a tambaye su? Wannan ta ƙarshe ban fassara ba.

Har yau ina jin haushinsu, kuma ba na neman a ba ni haƙuri. Sun san hanyar arewa rairayi ce, sun san wanda ke gabansu, sun karɓi dukiyar shekara talatin suka bar rabin magana a bayan takarda. Ina jin haushin tsohon sojan, wanda ya ci gaba da shan shayinsa a tasha har ya mutu ana ce masa gwani. Amma nawa haushin na kaina ya fi, don ni kaɗai ne a gidan nan aka kai lakwal saboda irin wannan rana.

Sabon inji ba mu da abin sayensa, ko rabi. Muka bar musu fasasshen a bayan garaji, don ɗaukarsa ma sai an biya. A hanyar komowa motar da muka shiga ta tsaya a Dogondutsi da azahar. Mun yi salla muna zaune a inuwar wani shago, sai na ji ya ce:

"Kai."

Na waiga in ga da wa yake. Ba kowa sai ni. Shekarata ashirin da uku, ranar ya fara yi mini magana baki da baki.

"Na'am, Baba."

"Abin ga da ka karanta. Da na ba ka ita tun hwarko, da ka gane?"

Na dubi hannuwansa, sun yi kanta saboda igiya, ga su a kan gwiwa ba abin riƙewa. Na ga in na ce masa i, na gaya masa ke nan da kansa ya zubar da raƙumansa, don kawai ya kasa miƙa wa ɗansa takarda. Na ji tausayinsa ya rufe ni.

"A'a, Baba. Hwaransancin manya na, ba irin namu na lakwal ba. Ni ma sai da komin yan nuna min."

Ya kalli hanya, can ya gyaɗa kai.

"Ashe shekarun da ka yi lakwal ma iska ta kwashe."



An sayar da gangar motar ga wani mai neman ƙafafu da bodi. Mahaifina ya koma kasuwar dabbobi dillanci, yana riƙe igiyar raƙuman wasu, waɗanda da yake ba aiki suna aikensa. Shekara tara ya ƙara a duniya. A cikin shekarun nan duk takardar da ta shigo gidanmu, ta haraji ce ko sammaci ko wasiƙa, bai ƙara ajiye ta ba a karanta ba. Yakan saka ta a aljihu, ya wuce ta ƙofar ɗakina, ya taka har bakin gidan waya, ya ba wani mai tebur da ke rubuta wa mutane wasiƙa ya karanta masa. Mutumin nan a aji uku aka kore shi daga lakwal. Ina gani ta taga yana tafiya, kuma ban taɓa gyara maganar ba har aka kai shi makwancinsa.