Saniyar da Ban Taɓa Gani Ba

A gidanmu na Gwandu, bayan sallar isha'i, kakarmu Inna Jumma takan tara mu a bakin murhu tana soya gyaɗa a kasko. Kafin ta fara tatsuniya takan ce, "Ku rufe ido, ku ga garke." Yayyena su ce sun gani, har da saniya mai karyayyen ƙaho. Ni kuwa in na rufe ido, duhu ne kawai. Da farko na ɗauka ƙarya suke yi. Da na gane da gaske suke, sai tsoro ya kama ni.

Ran nan ta ce, "Ke Balki, mi kika gani?" Na ce ba komai, hawaye suka zubo. Ta iza wuta, ta ce a bar waccan tatsuniyar, ga wata.

Wai aljani ne ya mayar da wata mata saniya, ya saka ta cikin garkensa na farare sol, ya ce duk wanda ya gane ta cikin 'ya'yanta ya tafi da ita. Manyan 'ya'yan suka yi ta kallo har rana ta faɗi. Autar, wadda ba ta gani sosai, ta kutsa tsakiya tana shinshinawa, ta tsaya gaban wadda ke ƙamshin hayaƙi da daddawa, ta rungume wuyanta. Nan take uwa ta koma mutum.

"Ɗiyata," in ji Inna, "ba ta ƙofa guda ake shiga gari ba."

Ina aure a Kalgo ta rasu. Na yi ta ƙoƙarin kawo fuskarta a raina na kasa, har na zargi kaina da rashin ƙauna. Shekaru suka wuce kafin na ji wani likita a rediyo yana cewa haka Allah ya halicci wasu, ba sa ganin hoto a zuci, kuma ba cuta ba ce. Ina tsaka da haɗa turaren wuta, sana'ata. Na ajiye ludayi, na yi hamdala.

A makon na haɗa wani turare ina bin ƙamshin ɗakin Inna, ƙamshin ƙasa da ɗan hayaƙi. Yayana Sani ya zo ziyara, na zuba masa a garwashi ban ce komai ba. Ya shaƙa, sannan ya ce, "Balki, wannan ai Inna ce."

Ashe ban manta da ita ba. A hanci na ajiye ta.