Ajiyar Sista Rifkatu

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar watan Agusta, cikin dogon hutun da na gama aji biyar na firamare, zamanin da soja ke mulki, kananzir kuma ya yi ɓatan dabo a Maƙarfi. Kwana uku ke nan ana marka ba ƙaƙƙautawa. Na durƙusa gaban murhu ina hura jiƙaƙƙen kara har idanuna suka kaɗa suka yi ja, wuta kuwa ta ce ba ta san zancen ba. Rishonmu wata biyu yana kife a kan rumbu, domin ko wuni mutum ya yi a layin gidan mai da galan wofi zai dawo. Baba yana gona, Inna ta tafi barka Kudan da ƙannena, kakata Iya kuma tana kwance a ɗaki da zazzaɓi, tana jiran ɗumamen tuwo, don an hana ta shan magani in ba ta ci komai ba. Ina cikin wannan fama sai na ji yaran unguwa sun kaure da ihun an kawo wuta. Na ɗaga kai na ga ƙwan lantarkin tsakar gida ya kama, nan take hankalina ya tafi ɗakin da ke jikin zaurenmu.

Ɗakin nan shi muke kira ɗakin ajiya. Baba a da ma'aikacin lantarki ne a wata masaƙa a Kaduna, sai tsuke bakin aljihu ya zo, aka rage ma'aikata, ya tattaro mu muka dawo gida ya rungumi fartanya. Akwatin kayan aikinsa ya tura shi ƙarƙashin gado, shekara uku bai buɗe ba. Waɗanda ke ce masa Injiniya da girmamawa a da, suka koma faɗa suna murmushi a ƙasa-ƙasa, ni kuwa abin yana ci mini rai ƙwarai. Abu ɗaya ne ba a rage masa ba: amana. Duk lokacin hutu, malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da ke haya a unguwarmu sukan kawo masa kayansu kafin su tafi garuruwansu, wannan rediyo, wancan keken ɗinki, wata katifa. Ba ya karɓar ko sisi. Ya kan ce mana, "Kayan ajiya, ko kuka kuka ji yana yi, ba ku ne za ku rarrashe shi ba." Mu da muke ɓuya a ko'ina in ana wasan ɓuya, har cikin akurkin kaji, ba wanda ya taɓa gigin laɓewa a ɗakin nan.

A hutun nan, cikin masu ajiya har da Sista Rifkatu, wata nas 'yar kudancin Kaduna da ke haya a bayan gidanmu. Ta tafi ganin gida na wata guda, ta bar mana wani farin akwatin ƙarfe mai ƙofar gilashi, wanda yayanta ya sayo mata na gwanjo daga Ikko. Ita tana ce masa maikirowef, mu yara muna ce masa akwatin ɗumame, kuma a iya sanina kaf garin babu na biyu. Ni nake ɗebo mata ruwa in na taso daga makaranta, don haka na sha ganin ta saka abinci a ciki, ta murɗa wani maɓalli, ya yi ta gurnani, sai ya buga ƙararrawa abinci ya fito yana tiriri, ba itace ba toka. Na ce a raina ai aro ne na ɗan lokaci, kuma don mara lafiya. Na ciro makulli a inda Baba ke saƙale shi, na zaro akwatin daga kwalinsa, na rungumo shi ina nishi, na kai ɗakin Iya na jona.

A nan ne wayona ya ƙare. Duk yarinyar da ta tashi a gaban murhu ta san roba ba ta zuwa kusa da wuta, tangaran kuma tsagewa yake yi, ƙarfe ne ɗan gidan wuta. Ban taɓa lura da irin farantin da Sista ke sakawa ba. Saboda ma in girmama kayan mutane, sai na ɗauko sabon kwanon silba daga jeren Inna, na yanka tuwon a ciki, na rufe da murfinsa, na murɗa maɓallin. Ban kai ga sauke hannu ba cikin akwatin ya shiga tartsatsi kamar walƙiya, ya yi wata ƙara, fitilarsa ta mutu, ƙauri ya cika ɗakin. Na yi maza na zare wayar. Iya ta ɗago kai daga filo ta dube ni, ta ce, "Ƙawata, ni dai idona ba ya gani sosai, amma hancin ubanki lafiyarsa ƙalau." Tuwon haka ta ci shi da sanyinsa, tana ci tana tsokanata, ni kuwa ina share hawaye.

Ko da Baba ya dawo da la'asar, bai ajiye fartanya ba na tare shi na faɗa masa komai, don na san in na tsaya sai ya zauna ba zan iya ba. Na zaci duka. Bai ko ɗaga murya ba, sai ya zauna a kan turmi. Kawu Sale, ƙanen Inna, yana nan ya shigo fake wa ruwa. Shi ya kawo shawara mai sauƙi: a mayar da abin cikin kwalinsa a ɗaure yadda aka kawo shi, in Sista ta jona ta ga bai tashi ba, sai ta ɗora wa masu wuta laifi, tunda kullum ƙona wa mutane kaya suke yi. Gaskiya na ji daɗin shawarar nan, har na ɗago kai. Baba ya ce, "Sale, an raba ni da aiki na haƙura. Sunan ma so kake in miƙa da hannuna?" Ya tashi ya shiga ɗaki, muka ji yana jan wani abu mai nauyi daga ƙarƙashin gado.

Washegari da hantsi ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya jera sukundireba da filaya da ɗan agogonsa na gwada wuta, ya ce in zauna a gabansa, wanda ya ɓata abu shi ya fi cancanta ya ga cikinsa. Kowane kusa ya kwance sai ya miƙo mini in jera a faifai bi da bi. Da murfin ya tashi, ya nuna mini wani abu kamar gwangwanin kifi, ya ce wannan yana riƙe wuta a cikinsa ko an zare waya, kuma tana iya kashe ƙato. Ya sa na ja da baya har bakin ƙofa, sai da ya sauke wutar da dabararsu ta masu sana'a sannan ya kira ni. Ina kallon hannayensa, hannayen da kaftu ya sa suka yi kanta, suna bin wayoyi a hankali kamar masu tsince tsakuwa a shinkafa. Yana yi yana magana shi kaɗai da Turancin masaƙa da ban taɓa ji a bakinsa ba. Can ya ce Allah ya taƙaita, abu biyu ne suka mutu: fiyus, wani ɗan guntu da bai kai ɗan yatsana ba, da wani falle mai sheƙi a bangon ciki da ya ƙone ya huje.

Fallen bai ba shi wahala ba. Ya ɗauko tsohon dutsen gugarsa na lantarki da ya daɗe da mutuwa, ya farke shi, ya zaro irin fallen nan da ba ya cin wuta, ya ɗora ƙonannen a kai ya zana, ya yanke da almakashin Inna daidai wa daida. Fiyus ne babu irinsa a garin. Kawu Sale ya ce a naɗa 'yar waya a wurin, yadda kowa ke yi wa rediyo. Baba ya ce, "Fiyus mai gadi ne, shi ya mutu don gidan ya tsira. Ka sa waya, ka kori mai gadi ke nan." Sai Zariya. Motoci kuwa suna jibge a tasha babu mai. Na kama kazata, wadda Iya ta ba ni tun tana 'yar tsako, na ce a sayar a sayo. Ya dube ni, ya karɓa, na kuma san ya karɓa ne don in ji a jikina. Da sassafe ya ɗaure ta a bayan keke ya kama hanya, bai dawo ba sai gab da magariba, wandonsa duk taɓo, fiyus ɗin yana naɗe a takarda cikin hularsa.

Ya haɗa komai, ba kusa ɗaya da ya yi saura a faifai. Sai kuma masu wuta suka ɗauke abarsu har kwana huɗu. Kwanakin nan ko 'yar gala-gala aka kira ni ba na fita, ina shara ina wanke-wanke idona yana kan ƙwan tsakar gida. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wuta ta dawo. Kafin a jona, zaure ya cika, har da masu yi wa Baba murmushin nan. Ya zuba ruwa a kofin tangaran, ya miƙo mini, ya ce ni zan saka. Na saka, ya murɗa maɓalli. Fitila ta kama, gurnani ya tashi, ba tartsatsi ba ƙauri. Da ƙararrawa ta buga ya ciro kofin, tiriri yana tashi, ya tsoma yatsa ya fizge da sauri yana dariya. Wani dattijo ya ce, "Kai, Injiniya!" A wannan karon ba wasa a muryarsa. Ban taɓa jin kaina ya yi girma irin na ranar ba, har na manta ni ce na jawo abin.

Na zaci magana ta ƙare, tunda akwati ya koma kamar ba a taɓa shi ba. Ashe da saura. Ranar da Sista ta dawo ɗaukar kayanta, bayan an gama gaisuwa da tambayar mutanen gida da hanya, Baba ya ajiye mataccen fiyus da ƙonannen falle a kan kwalin, ya ce, "Sista, an taɓa miki ajiya a gidana. Binta, zo ki faɗa mata." Na faɗa, kaina a ƙasa. Ta ɗauki fallen tana juya shi a hannunta, fuskarta ba walwala, ni kuwa na riga na ga ɗakin ajiyarmu wayam a hutu mai zuwa. Ta ce a jona ta gani. Da ruwan ya yi zafi ta dubi Baba ta ce, "Malam, wanda ya sayar da shi cewa ya yi in ya lalace sai dai a mayar Ikko. Kuma da kun yi shiru, har abada ba zan sani ba." Ta ɗauki kayanta ta tafi, ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba.

Sati bai cika ba aka kawo wa Baba tukunyar tafasa allurai daga asibiti, sai fanka, sai dutsen guga, har ya kafa benci a zaure. Amma ni ba wannan nake jira ba. Sai da hutun Kirsimeti ya zo na ga Sista tana shigowa da kwalin nan a kanta. Ta sauke a ɗakin ajiya, ta buɗe jaka ta ciro farantin tangaran ta miƙo mini, ta ce, "In Iya tana son ɗumame, da wannan ake yi. Na ba ki izini a gaban babanki."

Yau irin akwatin nan yana kicin ɗina, jikokina ma ba sa ɗaga kai su kalle shi. Da ya tsaya bara, ɗana cewa ya yi a yar a sayi wani, gyara ɓata lokaci ne. Maƙwabtana kuwa in za su yi tafiya, kwaɗo suke ƙarawa a ƙofa, ba wanda ke ƙwanƙwasa wa wani ya ce ga ajiya. Baba da Iya sun daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansu, Sista ma tun da aka yi mata canjin wurin aiki ban sake jin ɗuriyarta ba. Farantin yana nan, ya tsage a gefe, ba na bari kowa ya ci abinci a ciki. Duk sa'ad da na ɗauko shi in goge, sai in tuna ni 'yar mutumin nan ce da aka sake kawo wa ajiya.