Farantin Yaya Saptuyah

Yayata Saptuyah ba muguwa ba ce, wallahi, tsoro ne ya cinye ta. Tun ranar da mijinta ya fita kamun kifi bai taɓa kofin da ta zuba masa ba, kogi ya tafi da shi, ba ta wasa da al'adarmu ta mutanen yankin Sarawak: in aka miƙo maka abinci, ko ba za ka ci ba, sai ka taɓa shi da yatsa, in ba haka ba tsautsayi ya bi ka.

Da hayar ɗakunan bayan gida ta raini 'yarta. Shekarar da jami'a ta ƙi ɗaukar yarinyar, a shekarar Mu'utasim, ɗalibi daga Sudan, ya kama ɗaki ɗaya. Duk safiya sai ya wuce da jakar littattafai, 'yar tana shara. Yaya ta bi shi da ido, ta yi tsaki.

Ta miƙa masa ayaba soyayya. Ya dafa ƙirji, ya ce, "Na gode, Mama, na ƙoshi." Ko yatsa bai kai ba. Ta sake, ya sake.

"Ƙyamarmu yake yi," in ji ta. "Baƙi sun cinye wa 'ya'yanmu gurbin karatu, kuma ya jawo mini mutuwa gida?"

Na ce, "Haba Yaya, kin taɓa gaya masa?"

"Sai an gaya wa ƙato? Kowa ya sani!"

Raina ya ɓaci, amma wa ya isa da ita? Ana saura kwanaki jarrabawa ta ce ya kwashe kayansa. Ya roƙa, ya ce ba shi da kowa a garin nan. Ta juya masa baya.

Ranar tafiya, sabo ya sa ta miƙo farantin kek. Ya girgiza kai, idonsa ja, ya ɗauki akwati. Ta dubi farantin da bai taɓa ba. Doguwar hanya zai bi, ga hadari ya haɗu.

Ta fito da gudu ba takalmi, faranti a sama, tana ihu da yarenmu da ba ya ji, "Taɓa! Ɗan nan, taɓa kawai!"

Ya waigo ya ga tsohuwar da ta kore shi ta taho da faranti. Ya zaci jifansa za ta yi, ya kare kansa da hannu, ya faɗa mota, ya ce wa direba ya ja.