Sandar da Yaya Ya Jingine a Bakin Ƙofa

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa, har da sunayen yaran da na koyar, amma ranar da yayana ya jingine sandarsa a bakin ƙofar wani likita a Maraɗi ba za ta taɓa fita daga raina ba. Ko yanzu da furfura ta cinye mini kai, in na tuna sai haushi ya taso mini sabo fil, kunya ta biyo bayansa.

A shekarun babban fari ne, zamanin mulkin soja. Ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar boko, a Tasawa, shi kuma Yaya yana ƙauyenmu kusa da Gidan Amumune. Maginin rijiya ne tun yana saurayi, har daga nesa ake zuwa nemansa. Da rijiyoyi suka ƙafe, wani kamfani ya samu kwangilar ƙara musu zurfi a yankin Mayahi, ya ɗauke shi aiki. Su ba igiya suke ɗaura wa mutum a ƙugu ba kamar yadda aka saba. Wani keji ne na ƙarfe, mutum ya shiga ya tsaya, inji ya saukar da shi da wayar ƙarfe, irin abin nan da ke hawa da mutane a dogayen benayen Yamai. Sau biyu Yaya yana gaya wa shugaban aikin cewa wayar ta fara warwarewa, ana ce masa sabuwa tana hanya. Ran da ta tsinke, shi ne a ciki. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu.

Kafin labari ya iso ni, mutanen gari sun riga sun ɗora shi a amalanke sun kai shi wurin maɗori a Attantane. Na je na tarar da shi kwance, rumbu ba ko zangarniya, ga mata da ƴaƴa shida suna kallonsa. Abin da ya fi ƙona mini rai, aka ce shugaban aikin ya zo gaisuwa da rabin buhun dawa, Yaya ya yi ta godiya yana cewa ba komai, ƙaddara ce. Nan take na rantse sai kamfanin nan ya biya diyya, domin ban ga abin da gidan zai ci ba in ba ita ba.

Na ce, "Yaya, ƙara za mu kai."

Ya ce, "To, Mushe." Haka yake kirana in zai tsokane ni, tun ran da na zama malamin lakwal, don haka ake kiran malami da Faransanci. Ni kuwa na ɗauki wannan "to" a matsayin yarda, ban ƙara tambayarsa komai ba.

Wahalar da na sha, Allah kaɗai ya sani. Biro na farko da na shiga cikin ofisoshin gwamnati, magatakardan ya ce ina takardar likita. Na ce maɗori ne ya ɗora ƙafar. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Maɗorin yana da hatimi?" Na koma neman shaidu, abokan aikin Yaya su biyar kowa ya ce shi bai ga komai ba. Ɗaya har cewa ya yi ai abin a cikin rami ya faru, shi kuwa yana sama. A wancan zamani, mutum ya ji an ambaci kotu ko jandarma sai ya ja da baya. Da ƙyar wani dattijo a cikinsu ya yarda ya dangwala yatsa. Daraktan lakwal ɗinmu ma ya kira ni gefe ya ce, "Kamfanin nan da manya bayanshi. Ka san dai Bilma can tsakiyar hamada ma akwai lakwal, kuma kullum malamai suke nema." Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba, amma taurin kai ya hana ni janyewa.

Shekara guda da ƴan watanni ina zirga-zirga tsakanin Tasawa, Mayahi da Maraɗi, yau a ce tambur, kan sarkin da ake manna wa takarda, ya yi kaɗan, gobe a ce mai sa hannu ya tafi rangadi. Daga ƙarshe alƙali ya ba da umarni wani likita ya duba Yaya, ya rubuta iyakar naƙasar da ta same shi. Lauyan da ke taimaka mini ya ce komai ya rataya a kan wannan takarda. In likita ya rubuta cewa ba ya iya komawa aikinsa, diyya ta tabbata.

A lokacin Yaya ya tashi, amma ba ya taku goma sai da sanda, ƙafar kuma in ya daɗe tsaye sai ta kumbura. Tun a mota nake yi masa bita kamar ɗan aji ɗaya. Na ce, "Yaya, ba ƙarya na ce ka yi ba. In ya tambaye ka, ka ce da ciwo. In ya ce ka durƙusa, ka ce ba ka iyawa. Don Allah kar ka ce da sauƙi." Yana kallon gonakin da suka zama fili fetal ta taga, ya ce, "To, Mushe."

Aka kira mu. Ina gaba da dosiyen takardun ƙara a hammata, sai na ji ƙarar sandar ta ɗauke. Na waiga, na gan ta jingine da bango. Yaya ya wuce ni ya shiga, tafiya sak, kamar ango.

Likita ya ce, "Baba, yaya ƙafa?"

Ya ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Tana yi maka ciwo?"

"Ɗan abin da ba a rasa ba."

Na yi gyaran murya har sau uku, ko kallona bai yi ba. Likita ya ce ya durƙusa, ya durƙusa har ƙasa, ya miƙe bai dafa komai ba. Na ce, "Likita, wallahi da sanda ya zo, ga ta can waje!" Yaya ya yi murmushi ya ce, "Ta korar karnuka ce, likita. Ƙanena ne, tausayi gare shi." Likitan ya latsa ƙashin, ya sa shi ya kai bango ya dawo, sannan ya rubuta cewa karaya ta warke, mai ita yana iya aiki. Da idona na ga an buga hatimin da na yi shekara ina nema, a kan takardar da ta rushe mini komai.

Muna fita, bai kai gindin itacen bedin da ke harabar ba ya zube. Zufa ta jiƙa masa riga sharkaf, ƙafar tana rawa. Ban tausaya masa ba a lokacin. Na zazzage masa duk abin da ke cikina, na manta yayana ne. Na ce na sa aikina a kasada, na ƙarar da takalma, shi kuma ya zo ya yi wa likita wasan gwaninta, yanzu yaransa me za su ci?

Ya bar ni sai da na gaji, sannan ya ce, "Miƙo mani sandar." Na miƙa masa. Ya ce, "Mushe, takardar nan da kake so a rubuta, mi za ta ce?"

Na ce, "Za ta ce ba ka iya aiki."

Ya ce, "Awo. Kuɗɗin in anka ba ni, wata nawa za su yi cikin wannan fari? Sun ƙare, takarda na nan. Daga nan har Baudeta kowa ya ji gwamnati ta buga hatimi ta ce wane ya gama. Wa za ya sake ɗaura mani igiya? Ni ban da boko, ƙanena. Ramin nan shi ne lakwal ɗina."

Na ce, "To don me ba ka faɗa mini ba tun farko?"

Ya ce, "Ka tambaye ni?"

Ƙara ta mutu, kamfanin ya kwashe injinansa ya yi gaba. Gidan Yaya sun sha wuya a shekarar nan, ni na riƙa raba albashina da su. Bayan damina biyu mutanen wani ƙauye suka zo nemansa, ya shiga rijiya da igiya a ƙugu yana ɗingishi, kuma da wannan sana'a ya aurar da ƴaƴansa duka. Har yau ban yarda ya yi daidai ba, don haƙƙinsa ne aka ci, kuma ciwon ƙafar nan bai bar shi ba har ya rasu. Amma na koyi abin da ba a koya mini a makarantar malamai ba: kafin ka ɗaura ɗamarar ƙwato wa mutum haƙƙinsa, zauna ka tambaye shi abin da yake tsoron rasawa. Sandar tana ɗakina, yanzu ni nake dogarawa da ita.