Ƙane Ba Ya Cewa Buɗe

Ba yabon kai ba, a zaurenmu na Sabon Birni ba a yi wanda ya kai ni iya karta ba. Kawu, ƙanen Inna, mai fatauci tsakanin kasuwar Isa da Nijar, shi ya kawo mana wasan, amma kafin wata biyu na fi shi. Shekarar da fari ya maimaita ce. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, maza majiya ƙarfi ba abin yi sai zaman zaure daga azahar zuwa la'asar.

Wasan ba wuya. A raba wa kowa karta uku, ya duba ya kife. Uku masu lamba ɗaya su ne gaba da kome, sai uku a jere, sai biyu masu kama. Kuɗi ba su shiga, don Inna ta rantse in ta ji ƙamshin caca murhu za ta jefa kartar. Da 'ya'yan tsamiya muke zubi, kowa ashirin. In zagaye ya zo kanka, ko ka bi zubin, ko ka janye, ko ka biya ka ce wa abokinka "buɗe", a ga wanda ya fi. Wanda nasa sunka ƙare, shi zai kora jaki gulbi ya tono ruwa cikin yashi.

Kowane gida da tasa doka. A Gatawa ana barin mutum ya canza karta ɗaya. Mutanen Isa kuwa sun ce jan jere ya fi baƙi, ban san wa ya gaya masu ba. Tamu ita ce ƙane ba ya ce wa na gaba da shi buɗe. Ina! Ka ƙaryata yayanka gaban mutane? Ni ne ƙarami, to sai na koyi haƙuri. Hannu in ba shi da kyau na janye tun da wuri, ko an yi mani dariya. In ya yi kyau sai in riƙa zubi kaɗan-kaɗan kamar mai tsoro, har manyan su gaji su ce in buɗe da bakinsu. Kuma na karanci kowa. Kawu in ya samu, surutu ke kama shi. Yaya, wana da nake bi, in ba shi da kome lokacin ne yake zubi da ƙarfi.

Wata rana Kawu ya shigo da labari. Akwai motar shanu mai zuwa Kurmi, ana neman mutum ɗaya da zai hau cikin dabbobin, kwana uku yana tada waɗanda sunka faɗi, in an isa ya kama dako ya riƙa aiko da hatsi gida. Yaya ya ce shi zai tafi, shi ne babba. To amma tari ya ci ƙirjinsa tun lokacin sanyi, ga matarsa ta shiga watan haihuwa. Na ce, "Yaya, ni za ni. Wanga ƙirji naka ba zai kai Kurmi ba." Ya ce in kama bakina. Munka kai maganar gaban Inna, ta ce ita ba ta zaɓe tsakanin 'ya'yanta. Kawu ya ajiye karta tsakaninmu, ya ce wanda ya cinye shi ke tafiya.

Farko Yaya ya yi ta ci, har nawa sunka ragu ƙwarai. Sai aka raba, na duba: biyu masu kama, bakwai da bakwai. Ba wani abin kirki ba, amma hannu ne. Yaya ya zuba da yawa, na bi. Ya ƙara, na bi. Nan na gane dabararsa. Ba shi da kome, kuma ba zai taɓa cewa a buɗe ba. Zai yi ta ƙari ne har nawa su ƙare, tunda ya san bakina a ɗaure yake. Wallahi raina ya ɓaci, kuma na ji tausayinsa.

Na tura sauran 'ya'yan tsamiyata tsakiya, na ce, "Yaya, buɗe."

Kawu ya zabura. "Kai! Da hankalinka kuwa?"

"Da hankalina, Kawu. A yi mani hukuncin daga baya, amma sai ya buɗe."

Yaya ya daɗe yana dubana. Tari ya sarƙe shi, sai da ya lafa sannan ya juya kartar: uku, tara da sarki. Na cinye, tafiya ta zama tawa. Ya tashi ya shige cikin gida.

Ranar da motar ta tashi bai rako ni ba. Wata takwas na yi ina dako, ina aiko da abin da ya samu. Da na dawo na tarar da shi a gona, damina ta yi kyau, ɗiyarsa har ta fara rarrafe. Ya yi mani barka da hanya, munka ci gaba da cin tuwo a kwano ɗaya shekara da shekaru. Amma har Allah ya karɓi ransa, in na zauna wurin karta tashi yake. Abin ya yi mani ciwo, har yau yana yi. Amma da za a maido da ranar nan, zan dube shi in sake cewa ya buɗe.