Madarar Wanke Huhu

Daga tagar shagonta a tashar bas ta Nish, Slavitsa tana kallon wani dattijo da ba ta taɓa gani ba. Kwat ɗinsa a goge yake, amma baƙin mai ya zauna daram a layukan tafin hannunsa. Tsohon bakanike ne, ko ta rantse ba za ta yi kaffara ba. Itatuwan lipa sun yi fure, ga bas uku a tsaye suna ta aman hayaƙin dizal. In furen nan da hayaƙi suka haɗu, mai asma ya shiga uku. Ƙirjin dattijon sai fito yake kamar buta a kan wuta.

Ya matsa kusa da wani direba. "Ɗana, kashe injin nan mana, tunda ba tafiya kake ba."

"Kawu, in na kashe, kai za ka tura?" in ji direban.

Dattijon ya koma gefe. Ya girgiza ɗan maganinsa, ya fesa a baki, ya jingina da bango har numfashi ya dawo. Sannan ya zo tagar Slavitsa ya nemi madara.

"Shekara talatin ina gareji, ƙofa a rufe kada iska ta buge mu," ya ce. "Kullum a ba mu madara, wai tana wanke huhu. Ban taɓa fashi ba."

Ta miƙa masa kwalin. Ya daɗe yana jujjuya shi, sannan ya turo mata abinta.

"Masu kawo mana ita, 'yata, a bakin ƙofa suke ajiyewa. Ba su taɓa shigowa cikin hayaƙin garejin ba."